Injin pinball ya ƙi komawa sifili: daga ina mai gyara zai fara?

Faransawa suna kiransa “flipper”, saboda ƴan sandunan nan biyu da ɗan wasa ke bugun ƙwallon ƙarfe da su, waɗanda kamfanin Gottlieb na Chicago ya fara sakawa a 1947. Har zuwa tsakiyar shekarun 1970, babu kwamfuta ko ɗaya a cikin waɗannan injuna. Rile ne, da koyil, da ƙaramin moto, da makunnai masu tarin yawa. Don haka mai gyaran fanka ko firij a Nima da Maamobi ya riga ya san yawancin kayan cikinsa. Abin da zai rage masa shi ne sanin jerin aikinsu.

Matsalar da ta fi yawa tana faruwa ne tun kafin a soma wasa. Idan aka danna maɓallin farawa, dole injin ya share wasan baya, kuma yana yin haka ne mataki-mataki. Rilen farawa ya kama, moton ƙirga maki ya juya, ya riƙa aika wuta ɗis-ɗis zuwa tayoyin da ke nuna maki. Kowace taya tana da lambobi goma, 0 zuwa 9, da wani ɗan makunni da ke sauya matsayi idan ta kai sifili. Sai dukansu sun kai sannan a yanke wa moton wuta, ma'aunin ƙwallo ya koma na farko, a harbo ƙwallo. Kowane mataki yana jiran izinin wanda ya gabace shi, shi ya sa inda injin ya tsaya yakan nuna inda cutar take.

Idan an danna shiru kake ji, a fara da masu sauƙi: fiyus, makunnin ƙofar kuɗi da ke kashe injin idan an daddoke shi, da ma'aunin kuɗin wasa, wanda ba ya barin wuta ta wuce idan yana kan sifili. A duba kuma manyan fulogan da ke haɗa akwatin sama da na ƙasa, don sukan saki idan an yi tafiya da injin.

Idan kuwa moton ya yi ta juyawa ba tsayawa, to injin na jiran labarin da bai zo ba. A dubi gilashin maki. Tayar da ta maƙale a kan 7 ko 3 ta tona kanta: galibi tsohon giris ne ya daskare, koyil ya kasa tura ta. Wadda ta fi wahala ita ce idan duka suna nuna sifili amma moton bai tsaya ba. Nan makunnin sifili na ɗayansu ne ya yi datti ko ya lanƙwashe. A kashe wuta, a juya kowace taya da hannu, a lura ko bakin makunnin yana rabuwa yana haɗuwa yadda ya kamata. Idan komai ya koma sifili amma ƙwallo bai fito ba, makunnin ramin da yake kwanciya ne abin zargi na farko.

Kuskuren da ya fi lalata waɗannan injuna shi ne mai gyara ya bi makunnai yana lanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya ko za a dace. Ya shigo da matsala ɗaya, ya tashi da goma. Taswirar wayoyin injin ta fi filaya amfani a nan. Haka kuma ba a fesa WD-40 a ciki: yana tara ƙura, yana kuma iya kamawa da wuta, tunda makunnan tartsatsi suke yi. Sifirit da tsumma sun isa wanke tsohon giris, kuma sandar cikin koyil a bushe take aiki, ba ta son mai.

Accra na da nata ƙarin. Iskar teku tana sa bakin makunnai tsatsa, ƙurar hunturu ta zo ta ɗora. Ga batun wuta: ECG na bayar da bolt 230 mai zagaye 50 a daƙiƙa, alhali injin da aka ƙera don kasuwar Amurka yana son kusan bolt 120 mai zagaye 60. Wanda ya jona shi kai tsaye zai ƙona taransfoma. Ko da an sa na'urar rage wuta, moton zai ɗan rage sauri, wannan kuwa ba lalacewa ba ce. Idan wuta ta yi rauni da yamma, koyil na iya kasa ja, sai a zaci makunni ne, don haka a auna wutar bango kafin a kwance komai. Koyil ɗin Gottlieb da Williams suna aiki da kusan bolt 25, na Bally kusan 50, amma cikakkiyar wutar bango tana ratsa wasu sassan akwatin. A zare fulogi kafin a sa hannu.