Abin da ya kamata ku sani game da Kargil da ƙauyukan Brokpa

Kargil gari ne a yankin Ladakh na arewacin Indiya, a bakin kogin Suru, kusan mita 2,700 sama da teku. Yawancin mazaunansa Musulmi ne 'yan Shi'a. Garin bai da girma, hanyar da ta ratsa shi ce ta ba shi daraja: babban titin da ya haɗa Srinagar da Leh, wanda motocin soja ke bi da abinci da makamai. Layin da ya raba dakarun Indiya da na Pakistan a Kashmir yana nan kusa, kuma duk wanda ya kafa bindiga a kan tsaunukan da ke leƙen titin zai iya toshe shi. A kan haka ƙasashen biyu suka gwabza daga Mayu zuwa Yuli na 1999.

Wanda ya fara kai rahoton masu kutsen da suka jawo wannan yaƙi makiyayi ne, Tashi Namgyal, mutumin Garkon. Ya fita neman dabbarsa da ta ɓace, sai ya hangi baƙin fuska suna gina mafaka da duwatsu a kan tsauni, ya garzaya ya sanar da sojojin Indiya.

Garkon ɗaya ne daga ƙauyukan al'ummar Brokpa da ke bakin kogin Indus wajen Batalik, tare da Darchik da Dah da Hanu. Kwarin nasu ya fi sauran Ladakh ɗumi, don haka suna noman sha'ir da inabi da afirikot, wanda suke shanyawa a kan rufin ɗaki. Harshensu, Brokskat, ɗan'uwan harshen Shina ne na yankin Gilgit. Akasarinsu mabiya Buddha ne, amma ba su saki bautar iskokin kakanninsu ba. Mata kan ɗora hula mai cike da furanni da tsabar kuɗi da azurfa. Abin da zai ba Bafulatani mamaki, a da ba su shan nonon saniya, ba su cin namanta. Akuya ce dabba mai tsarki a wurinsu. Wannan al'ada tana sassautawa yanzu.

Masu harkar yawon buɗe ido na tallata su a matsayin jikokin sojojin Iskandar Mai Girma. Labarin yana kawo baƙi da kuɗi, amma babu hujjar tarihi da ta tabbatar da shi.