Kart memuwar ta ƙi buɗewa: abin da ke faruwa a cikin salula

A Tenhya, can arewacin Tanout cikin ƙasar Damargu, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, kart memuwar ta fi intanet amfani. Ranar kasuwa mutum kan miƙa ta ga mai tura waƙoƙi a zuba masa wa'azi, karatun Alƙur'ani ko fim. Cikinta ne kuma hotunan iyali suke, da hoton takardar haihuwa, da saƙonnin murya na ƴan'uwa da ke ci-rani a Libiya ko Aljeriya. Sai wata rana a mayar da ita cikin salula, salula ta ce kart ta lalace, a goge ta. Wanda ya amsa da "to" ya yi asarar kayansa, alhali sau da yawa suna nan daram, hanyar kai wa gare su ce ta toshe.

Kowace salular Android na aiki ne bisa Linux, ƙwayar manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ƙasar Finlan. Ƙwayar ce ke tsakanin ƙarfen waya da abin da mai ita ke gani. Da an saka kart, ita ke fara jin ta, ta sanar da wani ɓangare na Android mai suna vold, shi kuma ya duba irin tsarin da aka jera kaya da shi a ciki, ya nemi ƙwayar ta ɗaura kart ɗin ga sauran ma'ajiyar waya. Duk wannan ɗaurin da kansa yake gudana cikin ƙiftawar ido, shi ya sa ba wanda ke tuna shi sai ranar da ya ƙi.

Tsarin jerin kaya shi ne kan maganar. Waƙa ɗaya ba a wuri guda take kwance ba, gutsi-gutsi ce, kuma akwai kundi da ke cewa bayan wannan gutsuren sai wancan, kamar ayarin raƙuma da kowane ke ɗaure da na gabansa. Idan aka fizge kart ana cikin rubutu, ko batir ya mutu, igiyar kan tsinke, wani lokaci ma kundin ya nuna raƙumi ɗaure da kansa. Irin wannan ne aka gyara a Linux 6.13, wanda ya fito a Janairun 2025: idan gutsure ya koma yana nuna kansa, ƙwayar kan yi ta zagaye ba iyaka tana neman na gaba, sauran ayyukan da ke jiran kart ɗin su tsaya cik. Gyaran bai gyara kart ba, ya dai koya wa ƙwayar ta daina zagayen. Da yawa daga irin waɗannan kurakurai wata manhajar Google mai suna syzbot ce ke tono su: dare da rana tana ciyar da Linux lalatattun kundaye da gangan, ta kai rahoto ga masu gyara.

Akwai kuma matsalar da ba kuskure ba ce, rashin jin yaren juna ne. Kart da ba ta wuce giga 32 ba yawanci da tsarin FAT32 take zuwa, wanda Microsoft ya fitar a 1996, kuma kusan kowace waya da rediyo na karanta shi, sai dai ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai giga 4. Wadda ta wuce giga 32 da exFAT take zuwa, tsarin 2006 da kamfanin ya daɗe yana riƙe da haƙƙinsa, mai son sa shi a waya sai ya biya. Sai a Agustan 2019 ya buɗe bayanansa ya yarda a shigar da shi Linux, kuma a 2020 Linux 5.7 ya karɓi aikin da injiniyoyin Samsung suka yi a kansa. Ƙaramar waya mai maɓalli ko tsohuwar Android da ba ta san exFAT ba, idan ta ga lafiyayyar kart mai giga 64, cewa za ta yi ta lalace.

Abin takaici, gyara a Linux ba shi ne gyara a Tenhya ba. Sai kamfanin da ya ƙera wayar ya tura sabuntawa, kuma wayoyi masu sauƙin kuɗi ba su cika samun ta ba. Ko an turo, saukar da ita na cin kuɗin intanet da rezo mai ƙarfi. Sannan babu gyaran da ke ceto kart ta jabu, wadda aka rubuta mata babban adadi alhali cikinta ƙarami ne: da ta cika sai kaya su soma salwanta.

Idan waya ta nemi a goge kart, a ƙi. A gwada ta a wata wayar ko a kwamfuta, a kwafe abin da ke ciki, sannan a yi maganar gogewa. Kafin a cire ta kuwa, a shiga saitin ma'ajiya a kwance ta, ko a kashe wayar gaba ɗaya. Mai tura waƙoƙi ma a ce ya kwance ta daga kwamfutarsa kafin ya zare, ko da layi ya yi tsawo a bayansa.