Kaskon Wuta A Cikin Mota: Makashin Da Ba Mu Raɗa Wa Suna Ba

A wani dare cikin hunturun bana na raka baƙona Babbar Tashar Mota ta Sakkwato domin ya sami motar asuba zuwa Kano. Wajen ƙarfe huɗu, sanyi na ratsa ƙashi, sai na hangi wata bas ƙirar Hiace an rufe gilasanta ruf, yaran mota biyu na kwance a ciki, ga kaskon garwashi a tsakaninsu. Na ƙwanƙwasa, na roƙe su su fitar da shi. Babbansu ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai gawayin ya ruru, babu hayaƙi."

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a rai, domin a matsayina na ɗalibin harshe na ga inda gizo ke saƙar. Hausa tana da hayaƙi, da tururi, da ƙauri, dukkansu kuwa ido ko hanci na shaida su. Amma iskar da gawayi ke fitarwa a rufaffen wuri, wadda masana ke kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, ba mu kuma ba ta suna ba. Abin da ba shi da suna kuwa da wuya a gargaɗi yaro a kansa.

Wannan iska tana kama jini fiye da sau 200 a kan iskar da jiki ke rayuwa da ita. Takan fara da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, sai kasala, mai barci kuwa ya zarce ke nan. Saboda ɓoyuwarta ne masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da tsuntsun kanari har zuwa 1986, in ya faɗi su fice.

Ga direbobi da yaran motar da mota ta zame musu ɗaki daga Disamba zuwa Fabrairu, mafita ba ta da tsada. A ji ɗumi a waje, a bar kasko a can. A shimfiɗa kwali ko tabarma, domin ƙarfen mota na zuƙe ɗumin jiki. A sa hula da safa, a lulluɓa da bargo, a bar gilashi ɗan buɗe, kada kuma a kwana inji na aiki. Wanda aka samu ya galabaita a fito da shi fili, a garzaya asibiti.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar NURTW da gidan Rediyon Rima su ɗauki wannan faɗakarwa kowace shekara. Sunan da nake ba da shawara shi ne "gubar garwashi". Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyashe mu, amin.