Ƙwanni Gida Ne, Amma Motarka Baƙuwa Ce

Tun ranar 29 ga Janairun 2025, da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, tafiya Yamai da mota ta zama abin musu a majalisun Sakkwato. Wani ya ce yanzu sai da biza. Wani ya ce ƙarya ne, shi ko makon jiya ya je Ƙwanni ɗaurin aure da katin zaɓe kaɗai. Na uku ya jawo labarin da ya yaɗu a farkon shekarar, cewa jami'an Nijar sun fara mayar da wanda bai riƙe cikakken fasfo ba. Har a watse, takardar mutum ake ta ja, ba mai tunawa da ta mota.

Ta mutum gajera ce. Yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan ECOWAS damar zaman kwana 90 a ƙasar maƙwabta ba tare da biza ba, kuma ranar ficewar, ƙungiyar ta umarci ƙasashenta su ci gaba da yi wa 'yan ƙasashen uku wannan sassauci. Sai dai umarnin na jami'anmu ne. Jandarman da ke tsaye a Doso maganar Yamai yake ji. Don haka ka ɗauki fasfo, ka haɗa da katin rigakafin shawara. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, amma tun 2016 guda ɗaya ta ishi mutum har ƙarshen rayuwa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne “ai Nijar gida ne”. Gaskiya ne, gida ne. Daga Sakkwato ka bi Kware da Gwadabawa ka isa Illela, ba ka cika kilomita 100 ba. Ka tsallaka ka tarar da harshenka da tuwonka, wataƙila har da gwaggonka. Amma mai zuwa Ƙwanni ya dawo da la'asar daban, mai niyyar Yamai daban. Daga Ƙwanni akwai fiye da kilomita 400 a gaba, ta Dogon Dutsi da Doso, kuma kowane shinge yana da idonsa. Sanin da aka yi maka a bakin iyaka ba ya bin ka har can.

A idon kwastan, ko duwan kamar yadda ake ce musu a can, mota haja ce. Kai kana ganin abin hawa, shi yana ganin kayan miliyoyi da za a iya sayarwa a ƙasarsa ba a biya fito ba. Ka ɗauka mutum ya koro sa ya shiga kara ranar kasuwar Illela, ya ce shi ba sayarwa ya zo ba, ratsewa zai yi. Wa zai yarda da fatar baki? Sai an shaida san, an kuma ga fitarsa. Ko kujerun biki: mai haya yana ƙirga su a gabanka, ba don ya ɗauke ka ɓarawo ba, sai don ya san abin da zai karɓa gobe. Ko baƙon masauki da aka rubuta ranar saukarsa. In bai yi sallama ba, a littafi yana nan kwance a ɗaki ko da ya kai Legas.

A wajen mota, wannan littafin shi ne lasifase, takardar shigar da mota na ɗan lokaci. Tana ɗauke da sunan mai mota da lambarta da lambar shasi da wa'adi. Wa'adin ya cika kana can, sai ka nemi ƙari kafin a neme ka. In za ka fito kuma, ka tabbata an shaida fitar motar, in ba haka ba ka bar bashi a bayanka.

A nan ne namu sakacin ke tonuwa. Motoci nawa ne a garin nan suka bi hannu uku ko huɗu, takardu na nan da sunan mai ita na fari? A cikin gari ana wucewa da “ranka ya daɗe, ta yayana ce”. Jami'in da ke karanta takarda da Faransanci suna yake dubawa, ya duba fasfo. In sun saɓa, sai ka nuna rubutaccen izinin mai motar. Dawowa ma da nata ƙalubalen. Tun 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka wanda ya fita bai riƙe takardar biyan kwastan ta motarsa ba, yana iya shan tambaya a Illela kamar ɗan fasa-ƙwauri, da motar da ya shekara biyar yana hawa.

Sai inshora. Da yawanmu takarda muke saya a bakin ofishin lasisi don a nuna wa ɗan sanda, musamman tun da aka tsaurara bincikenta a Fabrairun 2025. Alhali tun 1982 ECOWAS ta kafa tsarin katin inshora mai ruwan ƙasa, don in ka yi wa wani ɓarna a ƙasar maƙwabta a sami mai biya. Da hukumar inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗin ƙaramar inshora daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, har da wannan katin a cikin kuɗin. Mutane na biya ba su san su karɓa ba. Ka je kamfanin da kansa ka karɓi naka, ka tambaya ƙasashen da yake aiki. In a iyaka aka ce sai ka yanki ta ƙasarsu, yanka. Ranar da ka buge saniyar wani a bayan Doso, takardar bogi ko kaza ba za ta biya ba.

Masu babur su ƙara da wannan: a sassan Tilaberi hukumomi sun sha hana hawa babur saboda 'yan bindiga, mu ma nan mun san abin da Lakurawa suka mayar da Tangaza da Gudu. A tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar tafiya, a bi babban titi, a sauka kafin magariba. A canji sefa tun daga gida, a kuma tuna dalar can sefa 5 ce, jaka kuma 1,000, kada a yi ciniki da lissafin Sakkwato.

Matasa na yawan kawo misalin Kunle Adeyanju, wanda ya taso daga Landan a kan babur a Afrilun 2022 ya iso Legas ƙarshen Mayu. Hotunan Sahara suka gani. Ba su ga jakar takardun da ta buɗe masa kowace iyaka ba.

Hukuma ma da nata laifin. An rufe Illela a 2019, an buɗe a Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, an buɗe a Maris na 2024. Duk wannan kai-komo, yawancin matafiya daga bakin 'yan kamasho suke jin doka. Takarda ɗaya da Hausa, mai jera abin da ake buƙata da kuɗin kowanne, a liƙa ta a tasha da bakin iyaka, da ta rage musu da na goro. Wataƙila shi ya sa ba a gaggawar liƙa ta.

Kafin a liƙa, ka buɗe aljihun motarka yau ka karanta sunan da ke kan takardun. In ba naka ba ne, tafiyarka daga ofishin lasisi za ta fara.