Masaƙar New Lanark: Daga Kaɗin Auduga Zuwa Masaukin Baƙi

A ƙasar Sikotland, kimanin kilomita 40 daga birnin Gilasgo, akwai wani ƙauye a bakin kogin Kilaid mai suna New Lanark. Wani attajiri, David Dale, shi ya kafa masana'antar kaɗin auduga a wurin a 1785, saboda ƙarfin ruwan kogin ne ke juya injuna. Ya kuma gina wa ma'aikata gidaje na dutse.

A 1800 surukinsa Robert Owen ya karɓi ragamar wurin. Abin da ya fi jan hankalinmu, mu da muka san ciniki, shi ne kantin da ya buɗe. Yakan saro kaya masu kyau da yawa a lokaci guda, ya sayar wa ma'aikata da rahusa, ribar kuwa a zuba ta a makarantar yaransu. Ana lissafa wannan kanti cikin tushen ƙungiyoyin gama-kai na duniya.

Amma kasuwa ba ta da tabbas. A 1968 aka rufe masaƙar, mutane suka watse. Wani kamfanin gwangwan ya sayi gine-ginen a 1970, rufi ya fara zubewa, har aka yi maganar rushe ƙauyen. Sai a 1974 aka kafa kwamitin amintattu don ceto shi, kuma a 1983 hukuma ta tilasta wa kamfanin ya sayar.

Gyaran ya ci shekaru. Masaƙa ta ɗaya, wadda aka sare mata hawa biyu na sama a 1945, an mayar mata da su, ta zama otal a 1998. An gyara gidajen ma'aikata, mutane na zaune ciki, wasu haya wasu mallaka. Sauran ɗakuna sun zama ofisoshi, shaguna da wurin nuna tarihi. Ruwan da ya juya injunan auduga aka sa ya ba da lantarki. A 2001 UNESCO ta sa ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya.

Da yawa cikinmu sun saro atamfa daga masaƙun Kakuri a Kaduna kafin su durƙushe. Ginin da aka bari ba rufi, damina kaɗan ke gamawa da shi, alhali kullum muna kukan tsadar hayar shago da rashin sito. A New Lanark, shekara 30 aka yi tsakanin rufe masaƙa da buɗe otal.