Karkatar injin niƙa: yadda ake auna ta da zare

Ƴan'uwa manoma, injin niƙa ya rage wa mata wahalar daka. Amma a garuruwa da dama bel ɗinsa ba ya daɗewa. Yakan yi zafi, ya ci gefe guda, ya tsinke. Sau da yawa laifin ba na bel ba ne. Fuli biyu da yake zagayawa a kansu, na inji da na maniƙa, su ne ba su daidaita ba.

Masu ƙera bel ɗin da ke shiga cikin kwarin fuli sun sa iyaka: kada karkata ta wuce rabin digiri. Mene ne digiri? In an raba da'ira kashi 360, kashi ɗaya shi ne digiri. Kusurwar ɗaki digiri 90 ce. Rabin digiri kuwa ido ba ya ganinsa, kuma abin auna shi ba ya samuwa a ƙauye. Dabara ita ce a mai da digiri milimita.

Ga ƙa'idar. Karkatar digiri 1 tana kawo ratar milimita 17 da rabi a tsawon mita 1. Ke nan rabin digiri kusan milimita 9 ne. Ratar tana ƙaruwa da tsawo:

Rabin mita: milimita 4.
Mita 1: milimita 9.
Mita 2: milimita 17.

Ga yadda ake awon. Da farko a kashe inji, a jira ya tsaya cak. A auna nisan da ke tsakanin tsakiyar fuli biyun. A ja zare ya miƙe, ya taɓa bakin fulin inji gaba da baya, har ya kai fulin maniƙa. Sannan a auna ratar da ke tsakanin zare da fulin maniƙa. In nisan mita 1 ne, ratar kuma ta kai milimita 15, karkata ta yi yawa. Sai a sassauta kusoshin gindin inji, a matsar da shi har zaren ya taɓa fuli biyun, a ɗaure, a sake awo.

Bel ɗin da ya tsinke yana iya raunata mai niƙa ko yaron da ke tsaye kusa. Sabo kuma sai an je kasuwa da kuɗi, mata su koma turmi kafin ya zo. Zare da mitar tela sun isa su kare mu daga wannan asara. Rigakafi ya fi magani.