Na'urar Maganaɗisu da Ciwon Zuciyar Masu Jego

A Amurka da Turai, likita kan yi shekaru bai ci karo da macen da tsokar zuciyarta ta raunana saboda haihuwa ba. A ƙasar Hausa kuwa ciwon ba baƙo ba ne. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka bayyana shi a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, kuma binciken da aka buga daga Sakkwato a 2007 ya nuna yana kama mace ɗaya cikin haihuwa 102. An daɗe ana ɗora laifin a kan wankan jego da kunun kanwa, amma binciken Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya fi karkata ga talauci, da rama, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam.

Mai jegon da ta fara haki da kumburin ƙafafu a Mashi, idan aka tura ta Katsina, gwajin farko shi ne hoton zuciya na sauti, wato eko. Shi ke nuna cewa ɗakin hagu na zuciya ya saki, yana tura ƙasa da kashi 45 cikin 100 na jinin da ke cikinsa. Sai dai bai cika faɗin dalili ba.

A nan ne na'urar MRI ta yi zarra. Maganaɗisunta, wanda ƙarfinsa ya ninka na duniya kusan sau 30,000, yana jera ƙwayoyin haidirojin na ruwan jiki. Sai a buge su da igiyar rediyo, su kauce, su komo, kwamfuta ta mayar da amsar da suka bayar hoto. Tsoka mai kumburi ta fi ruwa, don haka takan fito daban. Idan aka yi allurar gadoliniyam aka jira kamar minti 10, tsoka mai lafiya ta wanke shi, tabo kuwa ya riƙe shi ya yi fari. Wurin da tabon yake shi ke rarrabe toshewar jijiya da kumburin da ƙwayar cuta ta haddasa, ko ciwon gado da cikin ya tono. Na'urar kan kuma gano gudan jini da ya ɓuya a lungun zuciya, wanda in ya ɓalle yakan jawo shanyewar ɓarin jiki.

Ba kowace mai jego ke bukatar wannan gwaji ba, ga tsada, ga nisa. Mai ciki ma ba a cika yi mata allurar ba, domin gadoliniyam yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi.